Mawaƙin Da Ba Shi Da 'Yan Amshi

Lokacin da kuɗin mai ya shigo, wani ma'aikacin gwamnati ya zo da ni Landan in riƙa yi masa girki. Ya gama kwas ya koma. Ni na zauna. Ban yi boko ba, Turancina na kasuwa ne. Na sami ɗaki a Deptford, da aikin shara a wani gidan ɗaukar waƙa kusa da Aldwych.

Manajan gidan doka ɗaya ya ba ni. In jar fitilar ɗaukar waƙa ta kama, ko tari na yi, aiki ya ƙare. Ba aiki, ba ɗaki. Na sani.

A gida ni ɗan amshi ne. Babana mawaƙi ne, tun ina ƙarami nake bayansa. Ya jefa, mu cafe. A Landan kuwa sai in yi mako ban yi magana da kowa ba, ban da kwandastan bas.

Sai ga wani Ba'amurke, dogo, gashi har kafaɗa. An ce ya fara suna a ƙasarsu, sannan ya rabu da abokan kiɗansa. Shi kaɗai yake zuwa. Yau ya buga ganguna a ɗauka, gobe jita, jibi piyano, har wata sarewa yake hurawa. Sai a haɗa su a na'ura. Hannunsa na da kyau, ban ga irinsa ba. Amma ya ba ni tausayi. A garinmu, mawaƙin da ba kowa a bayansa, ko mutuwa aka yi masa ko abin kunya ya yi.

Ran da zai sa murya na kai masa shayi. Kafin in fita fitila ta kama. Na maƙale a lungu da faranti a hannu. Ya rera, ya yi shiru kaɗan, ya sake rerawa. Na san wannan shirun. Gurbin amshi ne. Na danne, na ciji leɓe. Da ya sake barin gurbin, bakina ya buɗe da kansa. Na mayar masa da karin, da Hausa, da ƙarfi.

Manaja ya fito yana zagi. Ba'amurken ya cire abin da ke kunnensa, yana dariya.

“Kai mai shayi, me ka yi?”

“Amsa maka na yi.”

“Na tambaye ka wani abu ne?”

“Ka bar wuri. A wurinmu ba a barin mawaƙi shi kaɗai.”

Dariyar ta tsaya. Ya dubi gangunan, ya dubi jitar.

“Abokan kiɗana, ni na kore su,” in ji shi. “Ko su suka gudu. Na manta.”

Ya roƙi manaja kada ya kore ni. Manaja ya ce doka doka ce. Ranar na ajiye tsintsiya. Ɗakin ma ya tafi. Na koma unguwar Edmonton, ina kwana a ƙasa a gidan wani Bahaushen zango daga Gana, ina wanke-wanke a gidan abinci.

Shi kuwa ya yi gaba. Har a jikin bas na riƙa ganin hotonsa. Ban sake haɗuwa da shi ba.

Wata rana na je kasuwar Deptford sayen doya. Rediyon wani mai shago ya sako waƙar Ba'amurken. Na tsaya. Mutumin da ke da hannu a kan kowane kayan kiɗa, bai cike gurbin da komai ba. Yana nan a buɗe.

Na amsa. Mai shago ya dube ni, ya ci gaba da awo.