Rarar Yadin Baba Tela

Tun kafin a zuba kwalta a layin, shagon Baba Tela yana nan, a matse tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo. Ba wani abu ne a ciki ba: baƙin keken ɗinki na ƙafa, tebur mai tabon dutsen guga, da ƙusa a bango inda tef yake rataye. Tef ɗin ma don kwanciyar hankalin masu kaya ne, domin kallo ɗaya Baba Tela zai yi wa mutum ya san faɗin kafaɗarsa.

Yana da doka guda wadda duk wanda ya zauna a gabansa ya haddace. In aka kawo kaya ragewa, ba a yanke rara. Ninke ta ake yi ta ciki, a bi ta da ɗinki.

"Jiki matafiyi ne," haka yake cewa. "Wanda ya rame bana, baɗi zai dawo neman yadinsa."

Mai aski kuwa ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Kai dai Tela, ko likkafani aka ba ka sai ka bar rarar ƙiba."

Su yi dariya, kowa ya koma bakin aikinsa.

Cikin 'ya'yansa, Auta ce kaɗai ta gaji keken. Bahaguwa ce, ɗinkin hannunta kullum a karkace yake kaɗan, ya yi faɗa har ya gaji ya ƙyale ta.

Ciwon ya zo a hankali, kamar baƙon da ba ya sallama. Cikinsa ya riƙa ɗaurewa, daga baya ya fara ganin jini. Ya ce basir ne, ai duk mai zaman keke yana da shi. Kafin Inna, matarsa, ta matsa masa su je asibiti, dajin da ya kama hanjinsa ya riga ya taɓa hanta. Aka yi masa aiki, aka buɗe wata 'yar ƙofa a gefen cikinsa aka manna jaka a wurin. Sai aka shiga yi masa ƙarin ruwan maganin da suke kira kemo. Yatsunsa suka mutu, zare ya daina shiga allura. Abinci ya koma masa kamar yana tsotsar ƙusa. Auta ta karɓi shago, shi kuma ya karɓi kujerar bakin taga.

Daga nan gidan ya zama gidan girki. Inna ta dafa ƙwai, ta kawo madara, ta tace romo. Ƙanwarsa ta zo ta ce a hana shi duk wani abu mai zaƙi, an ce shi ciwon yake ci. Surukinsa ya aiko da gorar ruwan ganye. Auta ta dawo daga shago ta durƙusa a gabansa da cokali.

"Loma ɗaya, Baba. Don ni."

"Na ƙoshi, uwata."

"Da me? Da iska?"

Sai ya buɗe baki ya karɓa, ya riƙe a kumatu, ya jira ta juya.

Wata safiya ya saka wandonsa, ya ji ya zauna masa cif. Ya yi tsai. Mutumin da agogo ke zamewa daga hannunsa, ta yaya wando zai kama shi? Ya zura babban yatsa ta cikin ƙugu. Ga ninki nan, ga ɗinki ƙanana a jere, a karkace kaɗan.

Ya koma kujerarsa ta bakin taga. Da yamma Auta ta dube shi ta ce, "Inna, kin gani? Kayansa ma ba su yi masa yawa ba." Ya gyaɗa kai, ya ce Allah Ya yi albarka.

Haka suka ci gaba. Yana raguwa, tana ragewa, kuma ba ta taɓa yanke ko zare ɗaya ba. Ninki ya hau kan ninki har ya zama dunƙule mai tauri, yana zaune daidai kan ƙashin ƙugu, kusa da bakin jakar. In ya zauna ya ci shi, in ya tashi ya goge shi. Fata ta yi ja, daga baya ta saɓule. Ya riƙa cusa hankici a wurin. Ya san abin da kowane ninki yake cewa, don shi ya koya mata maganar.

Ranar komawa asibiti, Auta ta sa ya saka rigar sanyi mai nauyi ana tsakar zafi. Nas ta dube su ta gefen ido.

"Baba, a tuɓe riga da takalmi kafin a hau sikeli."

Ta rubuta abin da ta gani ba ta faɗa ba.

Likitar mace ce mai magana a tsanake. Tana duba jakar ta ga hankicin, ta ɗaga, ta ga gyambon. Ta juya bakin wandon ta daɗe tana kallon ninkin, sannan ta mayar ta zauna.

Ta ce maganin farko bai tsayar da ciwon ba. Hanya biyu ce ta rage. Akwai wani kemon da za a iya gwadawa, a rage masa ƙarfi, wataƙila ya ƙara masa lokaci, amma jikin da ya rame haka zai sha wuya, kuma ba ta yi alkawari ba. Ko kuma a bar shi ya huta, a kula da zafin ciwo da tashin zuciya, ya zauna cikin iyalinsa.

"A ci gaba, likita," in ji Auta da sauri. "Zan ƙara masa abinci. Zai ciko."

"Ramar nan ba ta yunwa ba ce," in ji likita. "Ciwon ne ke cin tsokarsa, ko ya ci ko bai ci ba. Ki ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ransa ke so, lokacin da ya nema. Ɗura ba ta mayar da ita." Ta juya gare shi. "Baba, kai ne mai jikin. Me ka gani?"

Ya dubi 'yarsa, ya ga ta ƙanƙame jakar hannunta. Ya ce zai yi shawara.

A hanya ya ce a tsaya a shago. Mai aski ya fito da gudu, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskar, ya fasa.

"Tela, ka... ka yi kyau."

"Ƙaryarka ma ta rame, wanzami."

Ya shiga a hankali ya dafa teburin. Ya ciro tef daga ƙusa ya miƙa wa Auta.

"Auna ni."

"Na san awonka, Baba."

"Na da kika sani."

Ta zagaya tef ɗin a ƙugunsa. Bakin tef ya wuce inda ya saba tsayawa, ya yi ta wucewa. Ta saki.

Ya sunkuya da ƙyar, ya jawo wani wandonsa daga ƙarƙashin teburin, inda ta ɓoye shi, wurin da shi ma a da yake ɓoye aikin da ba ya so a gani. Ya juya cikinsa waje, ya bi ninkin da yatsun da ba sa ji.

"Aikin ya yi kyau. Har yanzu dai kina karkacewa." Ya tura mata almakashi. "Yanke."

"Baba, dokarka ce fa."

"Tawa ce."

"Ka ce jiki yana dawowa."

"Na wasu." Ya dafa ƙugunsa. "Yadin nan yana ci na, uwata. Ya daɗe yana ci na."

Ta tsaya tana kallonsa. A waje mai rediyo yana ta murɗa tasha, murya na zuwa tana ɗaukewa.

"To kemon fa?"

"Gobe ki raka ni mu gaya mata. Ta ba ni na zafin ciwo kawai."

Ta warware ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, yadin ya buɗe da faɗinsa na da. Ta sa almakashi. Ƙarar ba ta da yawa, amma mai aski ya ji ta daga bakin ƙofa, ya koma shagonsa.

Baba Tela ya ce ta samo masa ayaba, rabi ma ya isa. Kafin ta fita ta tattara ƙyallayen da suka zube, ta ninke su, ta saka a aljihun teburin ta rufe.

Ya gani. Ya mayar da fuskarsa wajen titi.