Duwatsu a Randar Admasu

A unguwarsu ta bayan kasuwar Debre Markos babu mai kiran Asegedech da sunanta. Emama, wato Inna, kowa ke cewa, har waɗanda suka girme ta. Gajeruwar mace ce mai kaifin harshe, in ta ba ka abinci sai ta haɗa maka da faɗa, kuma ba a taɓa faɗa mata magana ta rasa amsa ba. Mijinta Admasu shi ke hawa bishiya ya sauko da amya, ita kuma ta mai da zumar tej, giyar zumar da ake sha ranar taro. Haka suka tsufa tare.

Admasu ya rasu jim kaɗan bayan ɗibar zumar kaka. Wadda ya kawo ta ƙarshe tana nan a ƙwarya ba a taɓa ba. Emama ta turara babbar randa da hayaƙin itacen zaitun, ta dama zumar da ruwa, ta zuba gesho, itacen nan mai ɗaci. Da ta nuna ta tace, ta cika randar har wuya, ta liƙe bakin da laka. Ta ce ba mai buɗewa sai ranar cikar shekararsa, ran da limaman coci da dangi za su taru a yi masa addu'a. So take ranar a sha abin hannunsa, kowa ya san irin mutumin da aka rasa.

To, ita tej ba ta son sarari. Muddin randa na cike, lafiya lau take kwance. Da an rage ta, iska ta samu wurin zama a sama, sai tsami ya fara shiga, a kwana a tashi ta koma abin zubarwa. Emama ta fi kowa sanin haka, amma da ta yi alkawarin ba ta sa Wubshet a lissafi ba.

Wubshet shi ne mai riƙe wa Admasu igiya in ya hau bishiya, tun suna samari. Wata rana ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya kasa ko gaisuwa, hawaye na bin gemunsa. Baƙo ba ya fita gidan Emama da busasshen baki, balle wannan. Ta zage shi tas, ta ce ƙato da shi yana kuka kamar amarya, sannan ta shiga ta fasa lakar ta cika masa kwalba mai dogon wuya.

Giɓi ya samu ke nan. 'Yarta Yeshareg ta ce a sayo zuma a kasuwa a dama a cike.

"Zumar kasuwa a cikin ta ubanki?" in ji Emama. "Gara ki ɗauke ni ki zuba."

Sai ta gangara ƙorama ta tsinto baƙaƙen duwatsu masu santsi, ta tafasa su, suka huce, ta dinga saka su a hankali har tej ta hau wuyan randa. Ta sake liƙewa.

Amma tunda aka ba ɗaya, da wane ido za a hana na biyu? Ƙanwar marigayin ta zo daga ƙauye. Wani tsoho da Admasu ya taɓa yi wa maganin tari da zuma ya zo. Kowa ya zauna ya ambaci sunansa sai Emama ta yi mita, ta tashi ta fasa laka, washegari ta nufi ƙorama. Yeshareg har tana tsokanarta wai ƙoramar za ta kai ƙararta wurin alƙali. Ita kuwa ko ɗigo ba ta taɓa kaiwa baki ba. Cewa take nata sai ranar. Gaskiyar magana tsoro take ji, ta san in ta ɗanɗana kuka zai ƙwace mata.

Ranar ta zo, an jibge injera, faffaɗar wainarsu, limamai sun zauna ƙarƙashin rumfa. Emama ta fasa laka a gaban kowa. Randa cike har wuya, ƙamshi ya cika tsakar gida. Ta tsoma ludayi, sai ji aka yi ƙwas. Aka karkata randar, aka tatse, da ƙyar abin ya zagaya limaman. Kunya ta rufe ta, ta tsaya da ludayi a hannu.

Wubshet ya miƙe ya ce, "Emama, kar ki damu da ni, na sha nawa tun ranar da na fi bukata." Ƙanwar marigayin ta ce ita ma. Aka yi ta ɗaga hannu, ashe rabin rumfar sun riga sun sha. Mutum ɗaya ce dai ba ta samu ba, kuma ba wanda ya lura.

Da la'asar, bayan an watse, ta zauna tana fito da duwatsun za ta wanke randa. Ta juya wani ƙarami a hannu, jiƙe yake sharkaf da tej, sai ta jefa shi a baki.

Yeshareg da ke kwashe kwanuka ta tsaya. "Ta yi tsami, Emama?"

Emama ta girgiza kai, dutsen na kumatunta, tana tsotsa.