An Zaɓe Ni Ina Takieta

Sa'ad da muka kafa ƙungiyar malaman lakwal, wato makarantar boko, da suka ajiye aiki a Damagaram, kowa cewa yake yi ba a taɓa zaɓen mutumin da ba ya cikin taro. Ni na ce za a iya. Muna da abokin aiki a Zermu wanda damina ta tsare a gona, alhali babu wanda ya fi shi dacewa da magatakarda. Na yi ta jayayya har aka amince da ƙa'ida guda: ana iya tsayar da wanda ba ya nan, muddin wani ya miƙe ya shaida cewa zai karɓa. Mutumin ya karɓa, ya riƙe aikin har rasuwarsa. Na daɗe ina alfahari da wannan ƙa'ida.

Ni ne shugaba tun kafuwar ƙungiyar. Bara sai ranar babban taro ta zo daidai da rasuwar ƙanwata a Takieta. Na aika a ɗage. Aka ce an riga an ɗauko hayar kujeru.

Da na dawo, 'yan ƙungiya suka iso gidana da goro da babbar riga a ninke, maƙwabta suna zaune suna yi mini ta'aziyya. Mataimakina, wanda na koya wa riƙon alli a Tirmini, ya durƙusa, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu.

"Mushe, taro ya ɗaukaka ka. An zaɓe ka shugaban girmamawa har iyakar rayuwarka."

"Wa ya shaida zan karɓa?"

Ya dubi tabarma. "Ni ne, Mushe. Na ce na san halinka, ba ka mayar da alheri."

"Kujerar shugaba fa?"

"Sun matsa mini in riƙe."

Kafin in buɗe baki limamin unguwa ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Mai shekaruna ba ya ture riga a gaban baƙi. Na shafa addu'a tare da su.

A taron da ya biyo baya suka zaunar da ni a gaba, a kujera mai laushi, kusa da fanka. Aka kawo shawarar soke ziyarar da muke kai wa marasa lafiyarmu na ƙauyuka, wai hanya ta yi wa tsofaffi nisa. Aka nemi waɗanda ba su yarda ba, na ɗaga hannu. Mai ƙidaya ya tsallake ni.

"Huta, Baba," in ji shi, yana murmushi. "Shugaban girmamawa ba ya ƙuri'a."

Ban sauke hannun ba har aka gama ƙidaya. Aka soke ziyarar.

Ba kujerar nake nema ba. Amma suna faɗa a gari cewa na yarda tun ranar zaɓe, alhali ranar ina tsaye a bakin kabarin ƙanwata. Don haka a rubuta a littafin ƙungiya ranar da aka fara sanar da ni zaɓen, bayan an gama komai: Alhamis ta farko bayan Sallar Layyar bara.