Lambar da ba ta rabuwa

Ni na koya wa jikata cika da mara. Tun tana shekara huɗu, da uwarta ta rasu aka kawo min ita Kudan, nakan damƙi gyaɗa in ce ta canka. In ta ce cika, sai mu jera biyu-biyu a kan tabarma; in ɗaya ta yi saura, mara ce, ta faɗi, ni kuma in cinye. Ban taɓa bar mata ba don tana kuka.

Bana ta dawo hutu daga makarantar gaba da sakandare a Makarfi. Washegari sai ga gwaggonta, ƙanwar ubanta, malamar makaranta a Ikara, wai ta zo gaishe ni. Gaisuwar ba ta yi nisa ba suka haɗa kai a kan waya a gindin zogale. Ina tsince wake, ina kallonsu.

Wata lamba suke yi wa murna: dubu ɗari da talatin da ɗaya da saba'in da ɗaya. Na riƙe ta ne don sun yi ta maimaitawa kamar sunan ango. Na ce cika ce ko mara?

"Mara ce, Iya," in ji yarinyar, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kin jera ne?"

"Ba sai an jera ba. Wutsiyarta ake dubawa."

Gwaggon ta yi dariya ta ce, "Iya, ai wannan ta wuce mara kawai. Ko mutum uku, ko bakwai, ko nawa kika tara, ba za ta rabu daidai ba. Sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko kowa ya ɗauki ƙwaya ɗaya."

Na ce to marowaciya ce ke nan. Suka kwashe da dariya, yarinyar har da dafa kafaɗar gwaggonta. Kafaɗata take dafawa a da.

Yarinyar ta ci gaba da bayani, wai in aka ɗauki ƙwaya ɗaya aka yi ta ninkawa sau goma sha bakwai, aka cire ɗaya, ita ce ke fitowa, kuma irinta ba su da yawa. Fuskarta na haske. Gwaggon take kallo, ba ni ba.

Da la'asar ta durƙusa gabana. Wai Gwaggo ta ce ta je Ikara ta ƙarasa hutun, akwai littattafai, akwai wutar caji.

Na ce, "Wa zai taya ni sussukar dawa?"

"Iya, sati biyu ne fa."

"Ni na hana ki? Ɗauko mayafinki."

Na ƙulla mata daddawa da kuka, na ce ta kai wa gwaggon, tunda na ji a gidan miyar kanti ake sha. Ban raka su bakin titi ba. Ta katanga na ga sun tsayar da mai babur, har lokacin bakinsu bai rufu ba.