Karyayyen Biskit

A layinsu ba mai kiran sunansa na yanka, Baban Biskit kawai ake ce masa. Tun yana saurayi yake tsaye a bakin injin gashi a kamfanin biskit, har wuta ta cinye masa gashin hannu. Mutum ne marar surutu, amma ƙamshi kan riga shi yin sallama. Bota da sukari sun kama rigarsa, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura.

A kamfanin, duk biskit ɗin da ya karye ma'aikata ake raba wa. Kullum da yamma sai ya miƙa wa mahaifiyarsa leda. Inna ta tsufa, ido ya tafi, ga hawan jini, likita kuma ya ce a guji tayar mata da hankali. Takan laluba ledar, ta tsoma guntu a shayi, ta ce, "Kai dai har ka yi furfura ba ka taɓa kawo mini lafiyayye ba."

Sai masu kamfanin suka gano wata ƙasa inda gumin talaka ya fi araha. Abin takaici, waɗanda suka yi wa injin hidima su aka sa suka kwance shi, suka loda a mota. Aiki ya ƙare ke nan. Baban Biskit ya dawo gida, ya gargaɗi matarsa kada Inna ta ji.

Da safe ya sa rigar aiki ya bi gari neman abin yi. Da yamma ya tsaya a shago ya sayi biskit ɗin nan dai, wanda yanzu daga ƙetare ake kawo shi. Ya raɓe jikin katanga, ya farke takardar, ya kakkarya shi, ya zuba a leda. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hana biskit karyewa! Kullum haka, abin kuwa yana ci masa rai.

Wata rana ya miƙa ledar, Inna ba ta karɓa ba. Hannun rigarsa ta kamo, ta kai hanci.

"Inna, lafiya?"

"Zauna, ɗan nan. Rigarka ta daɗe da komawa warin rana."

"Ai injin ne ya ɗan..."

"Kada ka yi mini ƙarya da girmanka. Tun ranar farko na sani. Na yi shiru ne don kada ka ji kunyata."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Ta shafo hannunsa, daidai inda wuta ta cinye gashin.

"Gobe kada ka karya shi," in ji ta. "Kawo shi yadda yake, in ji ko sun iya gashi kamar ɗana."