Furfurar Kawu da Ƙudan Bogi

Duk wannan rigimar wani ɗan Bosniya na ajinmu ne ya ja min ita. Shekarata ta biyu ke nan a Riyad ina karatun Larabci, muna cin shinkafa a makaranta ya miƙo min wayarsa ya ce in kalli kogin garinsu. Ruwa garau, kana hango duwatsun ƙasa, ga wani kifi mai ɗigo-ɗigo da suke ce wa turawut. Wai shi kifin nan ɗan gayu ne. Sai an ɗaura masa ƙudan bogi a jikin ƙugiya, da gashin zakara da zare, an ajiye masa a saman ruwa a hankali kamar ƙwaron gaske ne ya sauka, sannan zai taso ya cafke. Ya ce in na iya ɗaura guda ashirin masu kyau, wata rana zai kai ni can.

Ni kuwa in dai harkar yatsa ce, an zo gidana. Ni ne mai tura saƙo uku kafin mutum ya gama rubuta sallama. A ranar na kalli bidiyo har wayata ta yi zafi.

Da aka yi dogon hutu na koma ɗakin kawuna a unguwar Jaradiya. Ƙanin mahaifiyata ne, direba, ya daɗe a ƙasar har furfura ta cika masa gemu. Lokacin ba ya cikin walwala. Wata uku yana neman a mayar da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, hannun sabon kafil, ubangidan da zai tsaya masa, takarda ta ƙi motsi, ga ƙafarsa ta dama da ke kumbura ba dalili. Ni ban wani lura ba, wallahi. Hankalina na kan ƙuda.

Ƙugiyoyin ta waya na yi odarsu, 'yan mitsi-mitsi kamar yankan farce. Sauran kayan kuwa haɗe-haɗe na yi. Gashin zakara na fige daga abin kakkaɓe ƙura da na saya a kasuwar Utaiƙa. Baƙin zare na ɗinki. Farin gashin da zan yi wa ƙudan fiffike da shi na yanko daga wutsiyar akuyar da maƙwabtanmu suka yanka. Na ɗaure filaya da roba na maƙale ta tsakanin ƙamus biyu don ta riƙe min ƙugiya. Har man farce marar kala na saya na liƙe ƙulli, mai shagon yana min wani kallo, na ce masa na ƙanwata ne.

Aikin da daɗi, ba ƙarya. Ka nannaɗa zare, ka ɗaura wutsiya, ka ɗan jiƙa yatsa da yawu ka murza jiki, ka tsayar da farin gashin, ka kewaya shi da gashin zakara har ya yi buzu-buzu. Ina yi ina ƙirga nadi a hankali don kar in ɓata. In na gama ƙulli sai in hura masa iska, fuu, gashin ya miƙe. Na farko ya fito kamar kyankyason da mota ta taka. Na bakwai kuwa ni kaina sai da na so in kore shi daga kan tebur.

Kuskurena ɗaya, ɓoyewa na yi. Kunya nake ji kawu ya ga ƙato da ni ina wasa da gashin kaza. In na ji ƙarar makullinsa sai in tattare komai cikin gwangwanin alawa in cusa bayan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Sai abubuwa suka fara canzawa. Kawu ya daina shan shayin da na dafa. Ya ce cikinsa. Ya ɗauke hularsa daga ƙusar da take rataye ya riƙa kulle ta a akwati. In ina waya da gida sai ya rage ƙarar rediyo. Ran nan ya tambaye ni, yana kallon bango:

"Ranar da na yi aski a nan, wa ya share ɗakin?"

"Ni ne, Kawu."

"Ina ka zuba gashin?"

"A shara mana."

"A shara," ya maimaita, ya gyaɗa kai.

Ni ma fa na fara zarginsa. Na ɗauka ko ya gaji da ni ne yana neman hanyar da zan koma makaranta da kaina.

Ranar Talata bayan la'asar na dawo daga bakala, wato kantin unguwa, da burodi, na tarar da gwangwanina a buɗe a tsakiyar darduma. Kawu na zaune gefe ɗaya, ƙafarsa mai kumburi a miƙe. A ɗaya gefen ga Baba mai gadin gininmu, dattijo ɗan ƙasar Maraɗi, ya sa tabarau. A tsakaninsu roba cike da ruwa da ganyen magarya.

"Rufe ƙofar," in ji kawu. "Zauna."

Na zauna da burodina a cinya.

"Sau biyu ina leƙenka ta taga. Kana ƙulla baƙin zare, kana magana ƙasa-ƙasa, kana sa yawu, kana hurawa. Ka ɓoye a bayan mukayyif, saitin inda nake sa kaina. Ɗan 'yar'uwata, me na yi maka?"

Wallahi dariya ce ta fara zuwar min. Da na kalli idonsa sai ta koma.

"Kawu, ƙuda ne. Na kamun kifi."

"Kifi. A Riyad."

"A'a, a Bosniya."

"Ka ji ko, Baba? A Bosniya." Ya ɗauko guda ɗaya da bakin cokali, ya ƙi taɓawa da hannu. "Wannan farin gashin na wane ne?"

"Na akuya."

Ya kara shi kusa da gemunsa ya juya wajen Baba. Ni kaina da na duba, launi ɗaya ne sak. Akuyar nan ta cuce ni.

Na zaro waya zan nuna bidiyo, kawu ya ce ba ya so, ai komai ana haɗawa a waya yanzu. Baba ya karɓi cokalin ya yi bismilla ya saki ƙudan a ruwan magarya, don a warware abin da ke ciki. Ƙudan nan ya sauka a kan ƙafafunsa ya tsaya cak a saman ruwa, fiffike a sama. Ban taɓa gwada shi a ruwa ba sai ranar. Ban san sanda na daka tsalle ba.

"Ya tsaya! Wallahi ya tsaya! Kawu ka gani, ko jiƙewa bai yi ba!"

Su biyun suka ja da baya. Ƙarfe ne a ciki, ga shi ya ƙi nutsewa, ga mai shi yana murna.

Kawu ya rufe gwangwanin. Ya ce shi ba zai yanke min hukunci ba, ranar Juma'a bayan salla zai kai wa limamin masallacin unguwa ya duba. Limamin ɗan ƙasa ne, kuma a ƙasar nan ba a wasa da maganar sihiri. In gwangwanin nan ya fita daga ɗakinmu, ba mu ke da iko da inda zai tsaya ba. Ko da daga baya an gane gashin akuya ne, sunana ya riga ya je makaranta, karatuna da iƙamata duk suna iya tafiya.

Na juya wajen Baba, don na san kafin ya zo Saudiyya masunci ne a tafkin Madarunfa.

"Baba, kai ka san kifi. Faɗa masa."

Ya cire tabarau ya goge. "Ɗan makaranta, shekara talatin ina su. Da tana, da tuwo, da hanjin kaza, har da sabulu na kama kihi. Ban taɓa ganin kihin da ya ci gashi ba. Kihi ba wawa ba ne."

Shaidar da na kira ke nan. Na ce to a ba ni dama ɗaya: safiyar Juma'a mu je kwarin da ke kudancin gari, inda ruwa ke taruwa, akwai karfasa. In kifi ya ci, magana ta mutu. In bai ci ba, da kaina zan ɗauki gwangwanin. Kawu ya ce ya ji. Gwangwanin dai ya kwana a ɗakin Baba, cikin leda uku.

Kwana biyun nan ko gaisuwa a taƙaice muke yi. Na tura wa ɗan Bosniya saƙo ya fi ashirin: karfasa tana cin ƙudan sama? Ya amsa da hoton fuskar dariya, ya ce bai san karfasa ba.

Juma'a rana na fitowa muka isa. Ruwan kore-kore, ciyayi dogaye a gefe, iyalai biyu can nesa suna shimfiɗa. Ba ni da irin sandar kamun kifi ta Turai, sai Baba ya yanko reshen dabino ya fere, na ɗaura igiyar roba siririya. Kawu ya zauna a kan dutse da carbi yana kallon hannuna, ba ruwan ba.

Na jefa tsakiya. Shiru. Na sake. Iska ta dawo min da ƙudan ya maƙale a wuyan rigata. Na canza wani, na sake, na sake. Rana ta fara cizo. Kawu ya duba agogo.

"Ƙarfe tara zan tayar da mota."

Baba tun da muka zo yake tsugune yana kallona. Can sai na ji ya yi tsaki.

"Kai wane irin masunci ne? Inuwarka na bisa ruwa, kana dabdala kamar mai wanki. Koma baya. Ka ga gindin ciyawar can, inda 'yan ƙwari ke faɗawa? Nan suke kiwo."

"Baba, kai da ka ce ba ya ci?"

"Ba ya ci. Amma in za ka yi abin banza, yi shi daidai. Kawo nan."

Ya fizge sandar. Ya rarrafa a bayan ciyawa, dattijo da shi, ya miƙa reshen a hankali har ƙudan ya taɓa ruwa shi kaɗai, igiya ba ta taɓa ba. Ya ɗan karkaɗa hannu. Ƙudan ya yi rawa kamar mai son tashi.

Ruwa ya yi ɗan kumfa, tap, ƙuda ya ɓace.

Karfasar ba ta fi yatsu uku ba. Amma ihun da na yi, sai da iyalan can suka miƙe tsaye. Na rungume Baba, na ɗauki hoto ya fi talatin, rabi duk babban yatsana ne a ciki. Baba kuwa sai juya kifin yake yana cewa, "Ashe akwai wawaye cikinsu."

Kawu ya taso yana ɗingishi. Ya sa aka ciro ƙudan daga bakin kifin, ya karɓa da hannunsa, karo na farko. Ya daɗe yana duba farin gashin.

"Baba," ya ce, "ba kai ka ce kifi ba ya cin gashi ba?"

"Na ce."

"To me ya sa wannan ya ci?"

Na riƙe kai. Na ce shi ke nan, na kama kifin ma ya zama hujja a kaina. Baba ya mayar da karfasar ruwa ya wanke hannu.

"Alhaji, hannuna ya kama shi, ba na yaron ba. In asiri ne, to da ni za ka kai wa liman."

Kawu ya juya ya nufi mota. Muka koma unguwa. Ya tsaya a ƙofar gida, ya ɗauko gwangwanin daga ƙarƙashin kujera ya ajiye min a cinya.

"Daga yau a kan tebur za ka yi, ƙofa a buɗe. Ba hurawa. Ga fanka nan."

Ya tafi masallaci hannu biyu ba komai. Da yamma na dafa shayi, ya sha rabi.

Na cika guda ashirin ɗina a gabansa, ina ƙirgawa da ƙarfi kamar ɗan firamare. Har yanzu ban je Bosniya ba, gwangwanin na nan a kan ƙamus. Takardar kawu ta fito daga baya, ƙafar kuma likita ya ce yawan zaman mota ne. Sai dai har na gama hutun nan, duk ranar da ya yi aski da kansa yake share gashinsa, ya ƙulle a takarda, ya sa a aljihu ya fita da shi.