Wandon Baba da Telan Dutse Uku

Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan Mulkin Allah, sai na ji ina tsaki a coci, don marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Da wannan kalma ya riƙa ƙure mu.

Lokacin gari bai gama lafawa daga rikici ba, mu 'yan Anguwan Rukuba ba ma leƙa Dutse Uku, unguwar Musulmi. Wata safiya na tarar da shi yana ƙamshin man zafi, ya naɗe tsohon wando a leda, zai kai wa telansa Musulmi, abokinsa tun zamanin haƙar kuza. Na tare ƙofa.

"Baba, teloli sun ƙare ne a unguwarmu? So kake a kawo mana gawarka?"

Ya ce, "Mulkin Allah zan leƙa."

"Mulkin Allah a sama yake! Saurin me kake yi?"

Ya kawar da ni da sandarsa. "Ke mai karatun Littafi kullum, ba ki ga yana tsakaninmu ba? Wa ya ce miki a bakin unguwarmu ya tsaya?"

Na yini ina leƙen hanya. Da yamma ya dawo yana cin gyaɗa, wandon ko allura bai gani ba. Wai hira ce ta ɗauke su.

Har yau haushin bai sake ni ba. Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba, mu kuma ya ba mu ko rabin taurin kanka.